Yadda Uwar Maƙerarmu Ta Tsufa a Faransa

Da sunan Allah nake farawa, shi kaɗai ya san shekarun kowa da na komai. Ni ne Idi Maƙeri na Matameye. Jikokina sun hana ni sakat sai na rubuta tafiyata ƙasar Faransa, wai ni kaɗai ne a gidanmu na taɓa hawa jirgin sama. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya yi haƙuri. Lakol ɗin tawa, wato makarantar boko, ba ta yi nisa ba, mushe, wato malaminmu, ya duba hannuna ya ga guduma ta fi dacewa da shi, ya sallame ni da girma da arziki da bulala.

Shekarar babban fari ce. Soja ke mulki a nan Nijar, soja ke mulki a Najeriya, an kuma rufe iyaka, ba halin mutum ya tsallaka Kano cin rani. Shi maƙeri da manomi yake rayuwa. In ba ruwa ba mai neman hauya, ba mai kawo lauje gyara. Wutar maƙerarmu ta yi kwanaki a mace, har kaji suka fara kwanciya cikin tokar.

Sai ga Habu. Habu taubashina ne, ɗan goggona, tare muka tashi muna zagin juna. Shi ya yi lakol mai zurfi, yana tafinta ga wani Bature mai haƙa rijiyoyi da muke kira Mai Rijiya. Ya ce mini, "Kai bawa, wanke baƙin hannun nan naka, arziki ya zo. A garin su Mai Rijiya akwai wata ƙungiya, duk shekara suna yin shigar mutanen da, su yi kasuwa da yaƙi irin na kakanninsu. Maƙeri suke nema wanda yake aiki kamar duniya ba ta waye ba. Na ce musu ina da shi a gida."

Sharaɗin shi ne in taho da kayan aikina, har da uwar maƙera. Ga wanda ba ɗan gida ba: uwar maƙera ita ce dunƙulen ƙarfen da ake ɗora jan ƙarfe a kai a doka. Tamu ba ta da girma, mutum ɗaya ya ɗauke ta, ƙasanta da tsini a kafe cikin gungumen itace. Kakan babanmu ya narka ta da hannunsa daga tamar da ya haƙo a wani tudu wajen Yauri. A gidanmu in magana ta yi tsanani ba a zuwa gaban alƙali, hannu ake ɗorawa a kanta a faɗi gaskiya. Yayana Mamman, babban gida, ya ƙi da farko. Da yunwa ta ci gaba da magana sai ya yarda, amma sai da ya kama hannuna ya ɗora a kanta.

"Ka ce za ka dawo da ita."

Na ce, "Zan dawo da ita, Yaya."

Zango na farko Yamai. Mun daɗe muna yawo daga biro zuwa biro, wato ofisoshin gwamnati, ni da buhuna a kafaɗa, don ban yarda in ajiye shi a masauki ba. Ranar da takardu suka fito aka shigar da mu gaban wani kaftin mai baƙin tabarau. Bai ce mu zauna ba. Ya ce da sunan ƙasa za mu tafi, ƙasa kuma tana cikin halin da take buƙatar taimakon Turawa, saboda haka duk wanda ya je ya ja mata abin kunya, shi da kansa zai tarbe shi a filin jirgi. Habu ya ƙame kamar shi ma soja ne. Ni ma na ƙame, buhun ya zame ya kusa karya mini ɗan yatsa. Na riƙe maganar kaftin. Ashe Habu ya fi ni riƙe ta.

Jirgin sama ba zan ce komai a kansa ba, ban gan shi ba, idona a rufe yake. Abin da na sani sun raba ni da buhuna sun sa shi a cikin jirgin can ƙasa, na yi ta tunanin in tsinin ya huda musu gindi ni za a kama.

Zango na biyu wani babban gari a bakin teku. Nan na fara ganin ruwa har iyakar gani, na ce wa Habu, "Ashe nan damanarmu ta zo ta kwanta." Mai Rijiya ya ɗauke mu a mota, muka yi ta hawa duwatsu har wani ƙauye da ke da tsohon gidan sarki na dutse a kan tudu, da ganuwa kewaye. Shato suke ce masa. Nan ne wurin wasan.

Jama'a, na ga abin mamaki. Likita ne, malamin lakol ne, ma'aikacin banki ne, mutum da motarsa da lantarkinsa da ruwan famfo, sai ya ajiye duk wannan a ƙofar ganuwa, ya sa tsumma, ya kwana a kan ciyawa, ya ɗebo ruwa da guga, yana murna. Na ce wa Habu ya gaya musu in wahalar da suke so, akwai ta a Matameye kyauta, ba sai sun ɗinka mata kaya ba. Ya ce in rufe bakina.

Amma wasan nasu yana da shari'a. Sun ja layi a kan wata shekara can baya, kafin wani mai jirgin ruwa ya gano wata ƙasa a bayan teku. Duk abin da ya zo duniya bayan wannan shekara haramun ne a cikin ganuwa. Mai tsaron layin wata dattijuwa ce doguwa, da wani ƙaton littafi mai hotuna a hammata. Na sa mata suna Madam Mai Iyaka. Na baro iyaka a rufe a gida, na zo na tarar da wata, wannan kuwa ba ta da ɓarauniyar hanya.

Ta sa na zazzage buhuna a ƙasa. Agogona ya tafi. Takalmina na taya ya tafi. Butar alwala ta roba, da tasbaha ta roba, duk suka tafi. Zugazugina da na yi da tib ɗin kamiyo, babbar motar kaya, wanda ya fi na fata iska, ta ɗaga shi da yatsa biyu kamar mushen ɓera. Rigata wai ɗinkin keke ce. Aka ba ni wata mai ƙaiƙayi kamar buhun gyaɗa, wadda ƙanwar Madam ta ɗinka watan jiya tana kallon hoto a littafin, aka ce ita ce ta asali. Sai ta buɗe ƙullin yajina ta shinshina, ta yi atishawa, ta girgiza kai.

Na ce, "Habu, shi kuma me ya yi?"

Ya ce, "Barkono bai zo duniya ba tukuna."

"Ga shi a hannunta!"

"A shekarar da muke ciki, bai zo ba."

Na ce to Allah ya kawo shi lafiya.

Daga nan ta kai ga uwar maƙera. Ta durƙusa, ta shafa ta, ta juya ta, ta sa yatsa cikin wani ɗan lotso da ke gefenta, wanda babanmu ya yi ranar da masaba ta kuɓuce masa. Ta shiga yi wa Habu tambayoyi da Faransanci mai gudu. Nawa Faransancin na tafiya da sanda ne, in aka yi sauri sai a bar shi a baya. Na dai ga Habu yana lanƙwasa yatsu yana ƙirga wani abu, ya gama hannu biyu ya sake farawa, ita kuma idonta yana ƙara girma.

Ya juyo gare ni da fuskar ta'aziyya. "Bawa, uwar taka ma ta faɗi jarrabawa. Ta ce yarinya ce, kakan babanku ai jiya-jiya ne. Ba za ta zauna cikin ganuwa ba. Za a ajiye ta a magaza, ɗakin ajiyarsu, ranar tafiya ka ɗauki abarka."

Raina ya ɓaci, amma gaskiya ce, daga ni zuwa mai narka ta mutum huɗu ne. Na ce a ajiye ta inda ba danshi. Habu da kansa ya saɓa ta a kafaɗa ya tafi. Har na yi masa ba'a, na ce yau ɗan alƙalami ya ɗauki abin da ya fi shi daraja. Ya yi dariya. Ina jin dariyar nan har yau.

Ranar buɗe wasa aka tara jama'a, magajin gari ya zo da ɗamara mai launi uku, da masu ɗaukar hoto. Habu ya ce za a kira ni gaba, magajin gari zai tambaye ni ko na ji daɗin tarbar da aka yi mana, ni dai in ce wi, wato e. Aka kira ni. Mutumin ya yi dogon jawabi, ya juyo ya tambaye ni wani abu. Na buɗe murya na ce, "Wi!" Wuri ya ɗauki tafi. Madam har da share hawaye. Na ce a raina mutanen nan suna da saurin jin daɗi. Don in nuna musu na taɓa shiga aji, na ƙara da, "Mersi boku." Tafin ya ƙaru.

Sai aiki. Suka ba ni wata uwar maƙera tasu, ƙatuwa mai ƙaho, wadda aka zuba a masana'anta bara aka bar ta cikin ruwan sama don ta yi tsatsa. Ita ce ta ci jarrabawa, saboda ta yi kama da hoto. Na nemi wuri zan zauna, don mu a zaune muke ƙira tun kaka da kakanni. Madam ta buɗe littafi ta nuna mini maƙeri a tsaye. Na nuna mata bayana. Ta sake nuna mini littafin. Haka na wuni a tsaye kullum kamar mai jiran mota, ina ƙera kan kibiya da ƙusa da wuƙa, yara suna nuna ni da yatsa, iyayensu suna ɗaukar hoto da na'urar da ita ba a hana ta shiga ba, don masu kallo ba ruwansu da layi. Da yamma bayana ba ya miƙuwa. Abinci kuwa fate-faten alkama da kabeji, ba yaji ba tumatir, su ma ba su zo duniya ba. Naman ban yarda da shi ba. Burodi da albasa suka riƙe ni. In na kwanta sai in ji ƙamshin miyar kuka, in farka in ga bangon dutse.

Habu ban cika ganinsa ba. Sun naɗa masa rawani sun ba shi alkyabba, yana yawo da Madam yana yi wa baƙi bayani. In ya wuce rumfata sai ya ce, "Bawa, a dage," ya yi gaba.

Wanda ya ji tausayina wani tsohon Balarabe ne daga Aljeriya, Si Ahmad, mai sharar shato. Da safe shara, da la'asar kuma a sa masa rigar abokan gaba a fito da shi fagen yaƙi. Kullum sai an kashe shi. Wani mai sayar da magani a garin, sanye da kwanon ƙarfe a ka, shi ke sare shi da takobi, ya faɗi, a yi tafi, can ya tashi ya kaɗe riga ya ɗauki tsintsiya. Na tambaye shi ko ba a taɓa barin su ci yaƙin ba ko sau ɗaya. Ya ce littafin bai yarda ba. Shi ya nuna mini gabas. Shi ya samo mini ƙaramar tukunyar ƙasa ta alwala. Wata rana ya miƙo mini wani ɗan kasko a rufe da ganye, na buɗe na ga jan barkono niƙaƙƙe irin na ƙasarsu. Ya juye shi daga gwangwani don kada Madam ta gani. Na shafa a burodi, na ci, hawaye suka zubo, na bar shi ya ɗauka yajin ne.

Da wasa ya kusa ƙarewa na fara tambayar Habu makullin magaza. Yau mai makulli ya fita, gobe Madam ba ta da lafiya. Sai na yi wa Si Ahmad zancen, da guntun Faransanci da guntun Larabcin salla da hannu. Na kwatanta masa girmanta da tsininta. Ya ajiye tsintsiya ya ce in biyo shi.

Ba magaza ya kai ni ba. Wani ɗaki ne a saman shato, mai tsabta, inda suke ajiye tsofaffin takubba da tukwane don masu kallo. A tsakiyar ɗakin, kan jan ƙyalle, cikin akwatin gilashi, da fitila a kanta kamar amarya, ga uwar maƙerarmu. Ga lotson babanmu yana kallona. A gefenta kuma ga Habu da rawaninsa, yana gaya wa wasu Turawa, a hankali yadda har ni na gane, cewa ta kakanninsa ce, ta fi shato ɗin nan tsufa, kuma danginsa sun ba garin kyauta.

Na jira suka fita.

Na ce, "Habu, yarinyar ta girma da sauri."

Bai ko sunkuyar da kai ba. Ya ce, "Idi, zauna mu yi magana."

"A tsaye nake aiki yanzu. Shekara nawa ka ba ta?"

"Na yi ta ƙirga mata kakanni har sai da Madam ta ce ya isa."

"Ni ka ce mini ta yi ƙuruciya, ita ka ce mata ta yi tsufa."

"Kowa na gaya masa abin da zai yarda da shi." Ya gyara alkyabba. "Ka saurare ni. Aikin rijiya ya ƙare, Mai Rijiya ba zai koma ba. In na koma Matameye me zan ci, alƙalami? Sun ba ni aikin gadin ɗakin nan, za su yi mini takardar zama. Ina da 'ya'ya kamar yadda kake da su. Ƙarfe ne, Idi. Ka samu guntun ƙarfen kamiyo ka kafa, hauya ba ta tambaya."

"Na ɗora hannu a kanta gaban Yaya Mamman."

"Ka kuma ce wi gaban magajin gari. Me kake tsammani ya tambaye ka?"

Sai a lokacin tafin nan ya dawo mini cikin kunne.

Na sauka da gudu na sami Madam a tsakar gida. Na tattaro duk abin da mushe ya bari a kaina. Na nuna sama na bugi ƙirji na ce, "Sa, se a mwa! Tawa ce!" Ta kama hannuna biyu ta ce wi, wi, ta danginka ce, mun gode, mun gode. Na ce, "Nuvo! Sabuwa ce! Gran-per! Kaka!" Na ɗaga yatsu huɗu. A ranar ni ne maƙerin farko a duniya da ya tsaya yana rantsuwa kayan gadonsa ba su tsufa ba. Ta ɗan tsuke fuska, ta dubi bayana. Habu ya iso. Ya dafa kafaɗata yana murmushi don ta gani, ya yi mini magana da Hausa a hankali.

"Ci gaba. Gaya mata mun yi wa magajin gari ƙarya gaban masu hoto. Gaya mata 'yan Nijar sun zo sun yaudari gari guda. Kafin jirginka ya tashi waya ta riga ka Yamai. Ni ina nan. Kai ne za ka sauka a gaban kaftin."

Na ga baƙin tabarau. Na ga matata da yara a gida suna jiran hatsi. Madam ta tambayi Habu me nake cewa. Ya ce kewar abin nake yi. Ta shafa hannuna ta ce ta gane, ta ce in zo in gan ta duk lokacin da na so, ba sai na biya kuɗin shiga ba.

Ranar tafiya aka mai do mini da agogona, da takalmin taya, da buta, da zugazugi, har ƙullin yaji, ba abin da ya ɓata. Mutane ne masu amana. Si Ahmad ya buɗe mini ɗakin da sassafe kafin baƙi. Akwatin a kulle yake, makullin yana wurin Habu. Na ɗora tafin hannuna a kan gilashin. Da na ɗaga, Si Ahmad bai goge wurin ba, ko da yake aikinsa ne.

A Yamai ba kaftin ba dalilinsa. Ba wanda ya ko tambaye ni daga ina nake. Da abin da aka biya ni na sayi gero a Damagaram, na ɗora a mota zuwa Matameye. Mutanen unguwa suka fito, ga Idi ya dawo daga Faransa da buhunan gero. Suka ƙirga buhunan da ido, suka dubi kafaɗata ba komai, kowa ya yi lissafinsa.

Yaya Mamman yana zaune a maƙera. Ya bari na sha ruwa. Sannan ya ce, "Ina uwar?"

Na ba shi labari tun daga yaji har gilashi. Ni kaina da nake faɗa na ji bai yi kama da gaskiya ba: Turawa masu kwana a ciyawa, Balaraben da ake kashewa kullum, ƙarfen da ya yi ƙuruciya da safe ya tsufa da rana. Yaya ya saurara har ƙarshe. Ya dubi buhunan geron da ake shiga da su.

Ya ce, "Ba sayar da ita ka yi ba?"

"Wallahi, Yaya."

"Ɗora hannu ka faɗa."

Ya faɗe ta ne kamar yadda aka saba a gidanmu, kafin ya tuna. Ni ma har na miƙa hannu. Muka dubi gungumen tare. Rami ne kawai a tsakiyarsa, tururuwa suna shiga suna fita.

Yaya ya ce, "To." Ya tashi ya shiga gida.

Geron nan ya kai gidanmu har damina, kowa ya ci, ban da Yaya. Har ya koma ga Allah bai sake tambayata ba. Habu kuwa yana can, ya aiko da hotonsa da rawani, an rataye a ɗakin goggo. Na kafa guntun ƙarfen kamiyo a wani sabon gungume, kuma gaskiyar Habu ce, hauya ba ta tambaya. Tsohon gungumen na hana a fasa shi a yi wuta. Jikokina da suka sa ni wannan rubutu sun ce, "Kaka, da gaske duk haka aka yi?" Na ce su je Faransa su samo mini inda zan ɗora hannu.